Gargaɗi: Zafin Bazara Na Kashe Kaji a Gidajenmu

Jama'ar Taura, ku saurara. Mutanen Gujungu da Majiya da Kwalam da Maje da Kiri da Chukuto da Ajaura da Sabon Garin Yaya, da ku ake. Na Ringim da Jahun da Dutse, har ku. Bazara ta kankama. Kaji na faɗuwa a akurki, kuma da yawa daga cikinsu babu wata cuta a jikinsu. Zafi ne ke kashe su. Zafin nan da ke hana mu barci a ɗaki, shi ne ke dafa su da ransu.

Uwargida, yaushe rabonki da leƙa akurki da azahar? Ban ce da safe ba, lokacin da kike watsa musu tsaki. Da azahar nake nufi, lokacin da kowa ya nemi inuwa ya kwanta. Je ki yau. Zura hannunki ciki. Taɓa kwanon rufin. Tsoma yatsa a ruwan da kika zuba tun hantsi. Kin ji? To a nan kajinki suke wuni.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Kaza ba ta gumi. Allah bai yi mata hanyar zufa a fata ba. Jikinta kuma dama can da zafi yake, digiri 41 zuwa 42 a ma'aunin Selshiyas, alhali na ɗan Adam 37 ne. Yanayin da kaza ta fi jin daɗi bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. Da iska ta kai 30, ta fara wahala. A nan tsakiyar Jigawa, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ma'auni kan kai 40, ya kuma wuce. Wannan a inuwa ke nan. A cikin akurki mai rufin kwano, wanda ba taga ba raga, abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan zafin jikin kaza ya hau zuwa wajen 46 ko 47, an gama. Tsakanin lafiya da mutuwa digiri biyar ne kacal.

To da me take kare kanta? Da haki. Ta buɗe baki, ta riƙa jan iska da sauri, danshin maƙogwaronta ya riƙa tashi da zafin. Ta buɗe fukafukai, iska ta ratsa hammatarta. Ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Jini ya riƙa kwarara zuwa zanko da ƙafafu don ya huce. Iyakar dabararta ke nan. Duk kuwa suna buƙatar abu uku: inuwa, iska, ruwa. Idan ka kulle ta inda babu ukun nan, ka ɗaure mata hannu.

Alamun suna gabanku, ba ɓoyayyu ba ne. Kazar da ta buɗe baki ta kasa rufewa. Wadda ta saki fukafukai kamar sun karye. Wadda ta ƙi tsaki ta tsaya kan ruwa. Kashi ya zama ruwa-ruwa. Zanko ya koɗe. Zakara ya daina kai-kawo, ya rakuɓe gindin bango. Ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi har yana fashewa a hannu. Kun san dalili? Hakin da take yi yana fitar da iskar da jikinta ke buƙata wajen gina ɓawon ƙwai, ga shi kuma ta rage cin abinci. Kun ga waɗannan a gidanku? Jiya kun gani? Shekaranjiya fa? To me kuke jira?

Idan ta fara tangaɗi, ta kwanta gefe guda, ido a lumshe, wuya a miƙe, saura ƙiris. A wannan gaɓar mintoci ake ƙirgawa.

Ku lura da lokacin da suke mutuwa. Ba kasafai suke faɗuwa da tsakar rana ba. Zafin taruwa yake a jikinsu tun hantsi, sai tsakanin la'asar da magariba su fara zubewa. Manya masu ƙiba su ke fara tafiya, waɗanda aka fi sa wa rai. Maigida ya dawo daga masallaci, ya tarar da uku a kwance. Sai a ce annoba ta shigo. A aiki yaro kanti ya sayo kafso ja da rawaya, a kwance a zuba a ruwa. Gobe wasu huɗu su bi. A ƙara magani. A ce sammu ne, a ce baki ne. Kwanon rufin nan kuwa yana nan yadda yake, ruwan yana nan a rana. Kuɗin da aka kashe kan magani da ya sayi zana biyu da randa. Kafso ba ya maganin rana.

Kada wani ya ce ai kaza ce kawai. A ƙauyukanmu kaza ita ce asusun mace. Da ita ake zubin adashi. Ita ake kamawa a kai kasuwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ita ake yankawa baƙo, ita ake tanada don Sallah da suna. Matar da ta tara kaji goma sha biyar tun kaka, ta wayi gari da biyar, wa zai biya ta? Matashin da ya ci bashi ya zuba kajin gidan gona ɗari a bayan gida, ya ciyar da su mako shida da abincin da buhunsa ya yi tsada, su zube masa rana ɗaya, ina zai sa kansa? Kazar da ta mutu ba yanka mushe ce. Ba a ci, ba a sayarwa. Asara biyu ke nan.

Akwai kuma hakki. Dabbar da ka tsare, cinta da shanta suna wuyanka. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kazar da ke cikin keji ba ta iya zuwa gindin randa. Ba ta iya neman inuwa. Kai ne inuwarta.

Zafin kuma ba raguwa yake ba. Ku tuna bazarar 2024, wadda ta haɗu da azumi. Ranar 3 ga Afrilu na shekarar, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Mutane sun mutu a yankin Sahel, ba dabbobi kaɗai ba. A nan gida, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da sanarwar tsananin zafi ga jihohin arewa a irin waɗannan watanni. Idan kun ji an ambaci Jigawa a rediyo, ku sani gargaɗin har da kajinku.

Yanzu ga abin yi. Yau, ba gobe ba.

Fara da ledar hunturu. Wata uku da suka wuce kin lulluɓe akurki da leda da tsofaffin buhuna don kada sanyi ya kashe 'yan tsaki. Kin kyauta a lokacin. Amma hunturu ya tafi. Ledar tana nan? Yage ta yanzu. Fitilar da aka kunna wa 'yan tsaki, da kaskon gawayin da ake sa musu, a kashe su da rana. Ɗan tsako ma zafi na kashe shi.

Sai rufi. Kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne. Maigida, hau ka shimfiɗa zana ko karan dawa ko bunu a kai. Ka sa 'yan sanduna tsakanin kwanon da zanar, don iska ta riƙa bi ta tsakiya. Idan da hali, shafe kwanon da farin fenti ko farar ƙasa, fari yana mayar da rana. Keji na ƙarfe ko na katako da ake iya ɗagawa, a ɗauke shi daga tsakar gida. A kai shi gindin maina ko mangwaro. Ku kula, inuwa tafiya take. Inda ke da inuwa da hantsi, da la'asar rana ce tsagwaronta. Bangon yamma shi ya fi kowanne ɗaukar zafi, har bayan isha'i yana huci. Kada a jingina keji da shi. Mai shirin gina sabon ɗakin kaji, ya miƙar da tsawonsa daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa shiga ta gefe.

Sai iska. Na san dalilin da ya sa ake toshe kowace kafa. Muzuru na nan, tunku na nan, gafiya na nan, ɓarawon kaji ma na nan. Amma maganinsu waya mai raga ce. Fasa bango ta ɓangare biyu masu kallon juna, ka sa raga. Iska ta shiga nan ta fita can. Ka bar kafa a sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. Akurkin laka da ake toshe bakinsa da faifai ko dutse da dare, a sake dubawa. Kaji goma a ɗan akurki ɗaya, a daren da mutum ma ya fito da tabarma tsakar gida? Kaza tana buƙatar dare ta huce daga zafin wuni. Idan ba ta huce da dare ba, da wuya ta kai gobe da la'asar.

Rage cunkoso. Kowace kaza murhu ce ƙarama, zafi take fitarwa. Idan sun yi yawa, raba su gida biyu. Idan babu wuri, sayar da manyan tun suna da kuɗi. Gara ka sayar da arha da ka binne.

Yanzu ruwa. A nan aka fi yin sakaci, don haka a nan zan daɗe.

Kaza mai ƙwai kan sha kusan rubu'in lita a rana idan yanayi na da daɗi. A bazara tana ninka wannan. Kaji ashirin, lita goma ke nan, rabin jarka. Kin lissafa? Ko ɗan kwanon nan ɗaya ne da suke turmutsutsu a kai, manya su sha, ƙanana su koma gefe? Ƙara mazubi. Sa biyu, sa uku, a wurare daban-daban, duk a inuwa. Kazar da zafi ya galabaitar ba ta iya tafiya mai nisa neman ruwa.

Sannan kaza ba ta son ruwan zafi. Idan ya ɗumama, sai ta tsoma baki ta janye. Sai ka ga mazubi cike, ka ce ai suna da ruwa, alhali ƙishirwa na cinsu. Ruwan baƙin tankin roba da ya wuni a rana bai dace ba. Ruwan jarkar da ɗan garuwa ya turo da tsakar rana, a bar shi ya huce tukuna. Kwanon ƙarfe a rana, ku daina. Ku koma wa kasko da randa da tulu. A canza ruwa da safe, da hantsi, da azahar, da la'asar. A wanke mazubin kullum. Mai halin sayen ƙanƙara ya jefa dunƙule ɗaya a ciki da azahar. Wanda ba shi da hali, randa ta ishe shi.

Mu 'yan Jigawa ai ba a koya mana wannan. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta jiha a Dutse, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukanmu. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin na bushewa, cikin tukunyar na sanyi. Ba lantarki, ba man fetur. Da wannan ya karɓi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duniya ta yaba, mu kuma da aka yi dominmu mun bari ta kwanta. Ku tashe ta. A ciki za ki ajiye ƙwan da kika kwashe. A ciki za ki sanyaya ruwan da za ki ba kaji da azahar.

Irin wannan hikimar ce za ku yi wa akurki. A jiƙa buhun algarara a rataye ta inda iska ke shigowa. A yayyafa ruwa a kan zanar rufi. A jiƙa ƙasar gindin bishiya, su tona su kwanta. A ajiye faffaɗan kasko mai ruwa kaɗan, su tsaya a ciki, ƙafa na sauke zafi. Amma a kiyaye abu biyu. Kada ruwan ya yi zurfin da ɗan tsako zai nutse. Kada kuma a jiƙa ɓuntun shinkafa ko garin katakon da aka shimfiɗa musu. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da kashin kaji suna tayar da wari mai yaji a ido, suna kuma jawo cutar kashin jini. Idan shimfiɗar ta yi kauri, a rage ta, domin ita ma zafi take riƙewa.

A kantin maganin dabbobi akwai garin bitamin da sinadaran gishirin jiki da ake zubawa a ruwa lokacin zafi. Yana taimakawa. A bi ma'aunin da ke jikin takardar. Kada a ɗebi gishirin miya da ka a zuba, gishiri mai yawa na kashe kaza.

Abinci fa? Narkar da abinci na ƙara zafin jiki. Kazar da ta cika ciki da ƙarfe goma sha ɗaya, da ƙarfe uku wuta biyu ke cinta. Ba su abinci da asuba. Ɗauke mazubin da hantsi. Mayar musu bayan la'asar, in gari ya fara sanyi. Wannan ya fi zama dole ga kajin nama na gidan gona. Ruwa kuwa kada a ɗauke ko na minti ɗaya. Da rana a jefa musu ɓawon kankana da gurji da ganyen zogale, ga su nan a wadace. Masu ƙwai a ƙara musu garin ƙashi saboda ɓawo.

Ku san irin kajin da kuke kiwo. Kajin Hausa sun fi juriya, musamman fingi da mai wuya ba gashi, kuma idan sake suke, su kan nemi inuwa da kansu. Duk da haka ruwa sai an ba su. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, an yi ta ne don yanayin ƙasar nan. Noiler ma tana da ɗan ƙarfi. Farar kazar nama ita ce abin tausayi. Jikinta ya fi ƙarfin zuciyarta. Daga mako na biyar zuwa sama, rana ɗaya mai tsanani ta isa ta kwantar da ita. Duk mai niyyar zuba su yanzu, ya lissafa a wane wata za su yi nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan ka tarar da kaza ta faɗi tana numfashi, kada ka tsaya kiran kowa. Ɗauke ta zuwa inuwa. Tsoma jikinta a ruwa mai sanyi-sanyi, ba na ƙanƙara ba, kai a waje. Jiƙa hammata da ƙafafu da zanko. Yi mata fifita. Ɗiga mata ruwa a gefen baki, kaɗan-kaɗan, kada ka ɗura, za ta shaƙe. Ware ta daga sauran har ta miƙe. Sannan ka koma kan sauran da gudu, domin abin da ya kayar da ita yana kansu.

Amma a yi hattara. Ba kowace mutuwa ce ta zafi ba. Idan kun ga kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi ko baƙi, majina na zuba, wuya na murɗewa, kashi ya yi kore, ko suna mutuwa da sanyin safiya har da na maƙwabta, wannan cuta ce. Tana iya zama cutar Niyukasil da ke share kajin ƙauye, tana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma tana kama mutum. Kada a yanka. Kada a ci. Kada a ruga da sauran kasuwa. Kada yara su taɓa. A haƙa rami mai zurfi a binne. A sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ko malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, JARDA, nan take. Rigakafin Niyukasil akwai shi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin sa. A yi shi da sassafe ko da yamma. Kada a bar kwalbar a rana. Kada a yi wa kazar da ke haki. Zafi na raunana garkuwar jiki, shi ya sa cuta ke samun ƙofa a wannan lokaci.

Masu kai kaji kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ku ma da ku nake. Ana ɗaure kaji ta ƙafa, a rataye a babur, kai a ƙasa, kusa da salansa mai zafi. Ana cusa su a kwando, wata kan wata, a ɗora saman mota. A isa kasuwa a zube su a rana har la'asar, ba ɗigon ruwa. Nawa ke isa da rai? Nawa ake yankawa da gaggawa a bakin hanya, a sayar rabin kuɗi? Ku fita da asuba. Ku rage yawansu a kwando. Ku rufa jiƙaƙƙen buhu a sama, ku bar gefe a buɗe. Ku tafi da gorar ruwa da ɗan kasko. Mai saye, kai ma in ka kawo gida, kwance ta, ba ta ruwa kafin tsaba.

Yara, ku ma kuna da aiki. Wanda ya dawo daga makaranta da rana ya leƙa ruwan kaji kafin ya ci abinci. Ku kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, zafi na lalata shi da wuri. Kazar da ke kwanci a lungu, ku kai mata ruwa kusa, ba ta son tashi daga kan ƙwai. Ku daina korar kaji da tsakar rana. Kama su, canza musu wuri, duk a bari sai gari ya yi sanyi.

Kada ku ce ruwan sama ya kusa, a yi haƙuri. Kwanakin da suka fi haɗari suna gaba. A ƙarshen Mayu da farkon Yuni, idan hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, ko an yi yayyafi rana ta sake buɗewa, iska kan yi nauyi da danshi, ta tsaya cik. A irin wannan rana haki ba ya yi wa kaza aiki, domin danshin bakinta ba ya tashi. Jiƙaƙƙen buhu ma amfaninsa raguwa yake. Abin da zai cece su a ranar shi ne rufi mai kauri, raga a buɗe ta ko'ina, da fili. Waɗannan kuwa ba a yin su cikin awa ɗaya. A lokacin maza sun tafi sharar gona da shuka, karan dawa ya ƙare, dabbobi sun cinye, zana ta yi wuyar samu. Yanzu ne akwai kara, yanzu ne akwai hannu. Maigida, nemo tsani ka hau rufin nan kafin rana ta take.